Shin Za Mu Tsaya Wa Mai Yankan Makullin Da Ya Taɓa Zaman Kurkuku?

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, Sabo, Badun)

   

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta takardar da wani ɗan'uwanmu ya kawo wa sakatare. Ba za mu kama suna ba, waɗanda suka san shi sun san shi. Yana so ya kafa teburin yankan makulli da gyaran kwaɗo nasa na kansa. Mai rumfa ya ce sai ya kawo masu tsaya masa, shugabannin kasuwa kuma suka ce sai sun ga takardar Hausawa. To, abin da ya jawo ka-ce-na-ce shi ne ya taɓa zaman kurkuku. Faɗa ne aka yi a tasha yana saurayi, ya ji wa wani rauni, alƙali ya ɗaure shi wata 18. Shekara 12 ke nan da fitowarsa, 6 daga ciki yana hannun maigidan da ya koya masa sana'ar.

Masu cewa kada a sa hannu ba mugunta suke yi ba, jama'a, suna da hujja. Yankan makulli ba sayar da goro ba ne. Ka miƙa wa mutum makullin shagonka, ya ɗaura shi a gefe ɗaya na inji, ya ɗaura sabon ƙarfe a ɗaya gefen, kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa ya fitar maka da irinsa. Wanda ya iya yanka ɗaya a gabanka zai iya yanka biyu in ka juya baya. Shi ake kira in makulli ya ɓace, ya shiga har ɗakin da ƙanen maigida ma bai taɓa shiga ba. Sa'an nan mu baƙi ne a garin nan, ko da kuwa Sabo ta haura shekara ɗari da kafuwa. In ɗayanmu ya yi ɓarna ba a cewa wane ya yi, cewa ake Hausawa sun yi. Duk mun ga yadda rigimar mutane ƙalilan ta cinye kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 1442 bisa lissafinmu, wato 2021. Saboda haka hatimin ƙungiya ba abin bugawa ba ne don kunya ko don sanayya.

Amma kalmar "ya taɓa zaman kurkuku" ita kaɗai ba ta isa hukunci ba. Sai an tambaya: wane laifi ne, yaushe aka yi, kuma wa ya ga zamansa tun daga lokacin?

Mu da muka ɗan zauna gaban malamai mun ji wannan a babin shaida. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda aka yi wa haddi, in ya tuba kuma halinsa ya gyaru a idon jama'a, ana karɓar shaidarsa, sai dai a kan irin laifin da aka hukunta shi a kai. A Risala da zina aka kawo misalin. Malam Liman na nan, in da gyara zai yi. Ku duba hikimar: ba a rufe masa ƙofa ba, ba a kuma ɗora shi a kan inda ya taɓa zamewa ba. Da a ce fasa gida ko fasa shago ya kai ɗan'uwan nan kurkuku, da mu ne za mu fara cewa a haɗa masa jari ya kama wata sana'ar, a bar makulli. To, hannu ya ɗaga a kan mutum, bai miƙa shi cikin aljihun kowa ba.

Dokar ƙasa ma ba ta riƙe mutum har abada. Tsarin mulki na 1999, sashe na 182, ya hana wanda kotu ta ɗaure kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar gwamna, amma na shekara 10 ne kacal. Kujerar gwamna fa, mai riƙe da baitulmalin jiha! Mu kuma teburin katako ne za mu hana mutum bayan shekara 12? Har ila yau dokar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda ta sauya wa hukumar fursuna suna, ta tanadi takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya fito da halin kirki, ta kuma hana a nuna wa mai ita bambanci saboda ɗaurin da ya sha. Shi ɗan'uwanmu ya fito kafin dokar, amma dai ta nuna inda gwamnati ta dosa.

Ko a Amurka, inda sana'ar ke da lasin na musamman a wasu jihohi, haka abin yake. A Kalifoniya sai an ɗauki hoton yatsun mai nema an bincika tarihinsa, amma tun watan Yuli na 2020 ba a hana lasin sai laifin ya shafi aikin, kuma in ya wuce shekara 7 galibi ba a duba shi, ban da manyan laifuffuka. A nan wurinmu kuwa, bayan kuɗin rumfa na ƙaramar hukuma, lasin da ya fi kowane ƙarfi shi ne sa hannun dattijon da ya ce ni na san shi.

Akwai abu guda da muke so masu wannan sana'a duka su saurara, ba shi kaɗai ba. Kundin laifuffuka da ake aiki da shi a nan kudu, sashe na 417, ya ce wanda aka kama da dare da kayan fasa gida ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ɗaurin shekara 3 ne, kuma shi ne zai kawo dalilin, ba ɗan sanda ba. In ya taɓa babban laifin da ya shafi dukiya, ya koma shekara 7. To, mene ne a jakar mai gyaran kwaɗo? Su ne dai waɗannan kayan. Abin da zai raba shi da ɓarawo a gaban ɗan sanda ƙarfe ɗayan dare shi ne takarda da mai tsaya masa. Wannan ne kuma ya sa muka ce tsohon mai fasa shago, ko ya tuba, sana'ar hatsari ce gare shi kansa.

Don haka shawararmu ita ce a sa hannu, amma da sharaɗi a rubuce. Ya nemo takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake ɗaukar yatsu a duba rajistar da ke Alagbon a Ikko, ya kawo ta ko me aka rubuta a ciki, ya kuma gaya wa mai rumfa tarihinsa da bakinsa. Gara ya ji daga gare shi da ya ji a majalisa. Ya buɗe littafi, duk wanda ya kawo yanka a rubuta suna da lambar waya da rana. Kada ya yanka makulli daga tambarin da aka danna a jikin sabulu, ko daga hoton waya, ko nawa za a biya shi. Yaro ko ɗan aike ya kawo makullin sito, sai an kira mai shi. Buɗe ƙofa kuwa sai da mai gidan haya ko maƙwabta biyu a tsaye, kiran dare kuma ba ya fita sai da ɗaya daga cikin masu tsaya masa ya sani.

Maigidan da ya koya masa ya riga ya ce shi ne na farko. Ana neman mutum na biyu, mai shago a nan Sabo, wanda ba danginsa ba. In an samu, muna roƙon Shugaba ya sa maganar a ƙuri'a yau, domin mai rumfa ya ba shi zuwa ƙarshen wata ne kawai, akwai wani da ke jira da kuɗi a hannu.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.