Mashaƙo: Dafin Da Ake Ganowa Da Makarinsa

 

Yau hirarmu a kan mashaƙo ce, cutar da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, ta yi ƙamari a 2023, musamman a Ungogo da kewayen birni, har aka ware wa masu ita ɗakunan jinya a Asibitin Murtala. Mu mutanen Bichi, Dambatta da Minjibir kada mu ce abin na birni ne, don kullum mutanenmu na kan hanyar kasuwa, cutar kuwa ta tari da atishawa take yaɗuwa.

To uwargida, ƙwayar wannan cuta a maƙogwaro take zama, amma babbar ɓarnar dafin da take fitarwa ne yake yin ta. Shi ke haddasa wata yana mai ruwan toka da ke toshe maƙogwaron yaro, wuya ya kumbura. Daga nan ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Shi ya sa za ki ga yaro kamar ya warke, bayan sati ɗaya ko biyu zuciya ta ba da matsala.

Sai dai ba kowace ƙwayar mashaƙo ce ke fitar da dafi ba. To yaya ake bambancewa? Da makari. Idan dafi ya shiga jikin mutum ko dabba, jini yakan haɗa wasu sinadaran kariya da ba sa kama komai sai wannan dafin. A 1890 wani likita Bajamushe, Emil von Behring, ya nuna cewa ana iya ɗibar wannan makari daga jinin dabba a kare wata da shi. Har yau daga jinin doki ake tace shi.

A ƙarshen shekarun 1940 kuma wani likita a Landan, Stephen Elek, ya mai da makarin abin gwaji. Za a shafo maƙogwaron yaro da tsinke mai auduga, a raini ƙwayar a ɗan faranti, a ajiye takarda jiƙe da makari a kusa da ita. In ƙwayar mai dafi ce, inda dafi da makari suka haɗu sai wani farin layi ya fito cikin kwana ɗaya ko biyu. Irin gwajin da hukumar NCDC ta yi amfani da shi ke nan a ɗakin bincikenta na Abuja.

Amma ki saurara da kyau, 'yar uwa. Likita ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya ba da makarin, saboda dafin da ke yawo a jini kawai yake kamawa. Wanda ya riga ya shige naman zuciya, makari ba ya fito da shi. Kowace rana da kika jinkirta, dafin kika ba wa.

Don haka in yaro ya kama zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, kada ki ce hangum ne. Kada a kira wanzami ya kankare ko ya cire beli, jini zai zuba. Ki ware masa kwanonsa da shimfiɗarsa, a kai shi asibiti a ranar. Tun yanzu ku yi magana da maigida: in yana gona ko ya yi tafiya, wa zai kai yaron? Kakarsa ce ko yayan maigida? A tsayar da magana tun ana lafiya.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Allurar Penta da ake yi wa jariri a cinya a sati 6, 10 da 14 tana koya wa jikinsa haɗa nasa makarin. Kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ki ɗauko katin yaronki yau ki duba, in ukun ba su cika ba, a je a ƙarasa.

Nan za mu dakata sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.