A Horar da Masu Kula da Matasa Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Jawabin Sakataren Gidauniya

 

Malamanmu limamai, shugabannin kwamitocin masallatai na Ikara da Makarfi da Kudan, iyayenmu masu ba da dukiyarsu.

Buƙata ɗaya na kawo gabanku bana: a ware wani kaso daga abin da wakafi ke samarwa, a horar da mutanen da matasanmu suka riga suka saba da su, domin su gane ciwon damuwa da taɓuwar ƙwaƙwalwa tun da wuri. Ina nufin malamin Islamiyya, da shugaban 'yan agaji, da mai horar da 'yan ƙwallo, da malamar da ke koya wa 'yan mata ɗinki.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Mafi kusa da mu suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, sai asibitin Barnawa a Kaduna. Uba daga Paki ko Hunkuyi ba ya ɗaukar ɗansa zuwa can sai abin ya kai ga sambatu ko duka. Alhali watanni kafin haka yaron ya daina barci, ya rage cin abinci, ya ƙaurace wa jam'i, ya bar zuwa gonar rake. Kowa ya gani, aka ce lalaci ne. Sau da yawa a wannan tsakanin ne ƙwaya take shigowa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda.

Mun kuma san inda ruɗewar iyaye take kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum wajen 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu danginsu ne suka kai su, kuma a ganina ba mugunta ce ta sa ba, wata ƙofar ce ba su sani ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin majinyaci, amma doka ba ta zuwa zaure ta zauna da yaro.

Wanda za a horar ba likita zai zama ba, ba zai rubuta magani ba. Zai koyi saurare kafin nasiha, wanda mu almajiran ilimi ya fi yi mana wuya, domin bakinmu ya saba da wa'azi. Zai koyi riƙe sirri a matsayin amana. Zai koyi tambayar matashi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa tunanin, sai dai ta buɗe masa baki. Zai san alamun da ba a kwana da su a gida, kamar jin muryoyin da babu su, ko ruɗewar mai jego bayan haihuwa, ya kuma san hanyar asibiti. Addu'a da ruƙya ta shari'a suna nan daram, ba su hana shan magani ba. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, bincike ya tabbatar da amfaninsa. Mu kuwa muna da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris a nan Makarfi, inda za mu nemi masu koyarwa.

Me ya sa wakafi, ba zakka ba? Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka kashi takwas. Za mu iya ba fakiri zakka ya sayi magani ko ya biya kuɗin mota zuwa Shika, amma hayar zaure da sallamar mai koyarwa ba mu son mu ɗora su a kanta. Wakafi ya fi faɗi, kuma wannan tsohon aikinsa ne: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da wakafi aka riƙe shi, yana da sashen masu taɓin hankali.

Saboda haka muna roƙon kowane kwamitin masallacin Juma'a ya ba mu sunayen mutum biyu, namiji da mace, waɗanda matasa suke zuwa wurinsu da kansu. Kada a zaɓa don dangantaka, kuma mai yawan surutu, ko da malami ne, a bar shi. Mai niyyar wakafin shago ko gona kuwa, ya rubuta wannan aikin cikin sharaɗinsa, domin sharaɗin mai wakafi shi muke bi.