Hayar Filin Waƙafi ga Masu Ƙarfen Sabis: Jawabi ga Kwamitocin Masallatai

  

Bayaninmu na bana kan wani al'amari ne da ya yawaita zuwa ofishinmu: ba da hayar filin waƙafi ga kamfanonin da ke kafa turakun sadarwa, wato abin da jama'a ke kira ƙarfen sabis.

Wani kwamiti ya kawo mana yarjejeniyar da magabatansa suka sanya wa hannu. Hayar shekara goma sha biyar ce, an biya kuɗinta gaba ɗaya tun ranar farko. Da kuɗin aka sake rufin masallacin, kuma babu wanda ya ci ko kwabo. To amma yau ƙarfen na tsaye, an ƙara masa na'urori, sunan kamfanin da ke jikin shingen ma ya canza, masallacin kuwa ba ya samun komai, ga albashin ladan da na malaman Islamiyya ya gagara. Mun karanta takardar daga farko har ƙarshe, ba mu sami inda aka saɓa mata ba. Abin da aka rubuta shi aka cika. Ɓarnar ta auku ne tun a wajen rubutun.

Ya kamata mu san wanda muke ciniki da shi. Lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, kowane kamfani shi ke kafa turakunsa. Daga baya abin ya sauya. A 2014 MTN ya miƙa turaku kimanin 9,000 ga wata haɗaka da kamfanin IHS, Airtel kuma ya ƙulla cinikin sayar da kimanin 4,800 ga American Tower. Tun daga nan, mai ƙarfen daban, masu layin waya daban. Mai ƙarfen kan ba kamfani biyu ko uku haya a kan turke guda, ya karɓi kuɗi daga kowannensu, alhali shi fili ɗaya yake biya wa haya. Halas ne, kasuwancinsa ke nan. Amma manyan kamfanonin turaku kan sanya wa masu hayarsu sharaɗin ƙarin kuɗi gwargwadon hauhawar farashi, wani ɓangaren ma a ɗaure da dala. Wanda ya kāre kansa da irin wannan sharaɗi ba zai yi mamaki ba idan mai fili ya nemi makamancinsa.

Dalilin neman kuwa kowa ya gan shi a kasuwa. A tsakiyar 2014 dala ɗaya ba ta kai naira 170 a farashin hukuma ba. A 2024 ta haura naira 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na intanet har zuwa kashi 50 cikin 100. Kowa ya daidaita farashinsa, in ban da mai filin da ya karɓi nasa tun tuni.

A nan ne hikimar malaman fiƙihu ke bayyana. Asalin waƙafi, tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibara, shi ne a tsare dukiyar, a ciyar da amfaninta: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gādo. Malamai suka lura cewa doguwar haya ƙanwar sayarwa ce. Shi ya sa Malikiyya suka taƙaita wa mai kula da waƙafi shekarun da zai ba da haya, sai in akwai larura kamar gyaran abin da ya rushe. Hanafiyya na baya suka ce shekara ɗaya a gida, uku a gona. Suka kuma wajabta hayar da ta yi daidai da ta makamancin wurin, wadda suke kira ujratul misli. A Masar da sauran ƙasashen Daular Usmaniyya an yi asarar waƙafai da dama ta hanyar haya marar iyaka a kan kuɗi kaɗan, har 'ya'yan masu haya suka ɗauka gādonsu ne. Mai filin kansa na da ikon yin rangwame, ya ce ya bari don Allah. Kwamiti ba shi da wannan iko, domin dukiyar ba tasa ba ce, kuma cikin masu hakki a kanta akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Mun san kamfani ba zai zuba kankare ya kafa ƙarfe a kan hayar shekara biyu ba, kuma da gaskiyarsa. Matsayarmu ita ce a raba abu biyu: a ba shi tabbacin zama na tsawon lokaci, amma kuɗin a riƙa sabunta shi duk bayan shekara biyu ko uku, bisa ma'aunin da aka rubuta, kamar alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A rubuta ƙarin da waƙafin zai samu idan aka ɗora wa turken wani kamfani. A rubuta cewa ba za a miƙa hayar ga wani ba sai da sanin kwamiti a rubuce, kuma sabuntawa ba ta aukuwa don kawai an yi shiru.

Jarabawar tana wajen dunƙulallen kuɗi, musamman idan rufi na yoyo ga damina ta ƙarato. Wakilin kamfani ya san haka, kuma wani lokaci yakan ce in ba a sa hannu a wannan mako ba zai koma gidan maƙwabci. Yana iya komawa. Sai dai injiniyoyi ne ke zaɓa masa wuri bisa taswirar inda sabis ke da rauni, filayen da suka dace ba su cika yawa ba. Kwamitin da ya zo mana a irin wannan matsi, za mu duba gyaran daga asusun gidauniya, ya fi a jinginar da kuɗin shigar shekara goma.

Sauran sharuɗɗan a taƙaice: a fayyace ko kuɗin da aka ambata kafin cire harajin haya ne ko bayansa, a nisanta janareta daga sahu da azuzuwa, a bi tazarar da hukumomin NCC da NESREA suka gindaya, ɓarnar da ƙarfen ya jawo tana wuyan kamfani, in wa'adi ya cika ya kwashe kayansa ya gyara wurin. Filin da ke da takardar mallaka kuma, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a ba da irin wannan haya. Mu a gidauniya ba ma yarda a kafa turke a wurin da aka keɓe don salla. Kuɗin kuma ya shiga asusun waƙafi, kada ya cakuɗu da zakka, domin masu cin kowannensu daban ne.

Duk kwamitin da ke da ƙarfen sabis a filinsa, muna roƙon ya kawo mana kwafin yarjejeniyarsa kafin watan azumi, ko da wa'adinta da saura. Lauyanmu da kwamitin malamai za su duba ta kyauta. Wanda takardarsa ta ɓata ya sanar da mu, mu rubuta wa kamfanin tare a nemi kwafi.