Ciwon Sukari da Haƙƙin Majinyaci a Kanmu

Ciwon sukarin da ke kama manya lallaɓa shi ake yi tsawon rayuwa, kuma majinyaci ba ya iyawa shi kaɗai. Likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu zai umurce shi ya rage tuwo da shinkafa, ya ƙara wake da ganye. To, a gidan da tukunya ɗaya ake ɗorawa, wa zai ware masa tasa? Manomi daga ƙauyukan Gwaram kuwa, tun janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota kaɗai kan hana shi komawa awo. Magani ya yanke, ƙaramin miki a ƙafa ya ƙi warkewa, mai tallar sassaƙe ya kwashe ɗan abin da ya rage. Lamarin mata ya fi tsanani, domin fitarsu asibiti tana hannun mazajensu.

Muna kira ga kwamitocin masallatanmu su sanya matalautan majinyata cikin rabon zakka, malamai kuma su bayyana musu rangwamen da Shari'a ta yi wa mara lafiya a azumi.