Eriya Mai Allo: Zango Biyu da Fuska Biyu



Duk wanda ya tsaya a gadar Kwangila ya dubi rufin shaguna da gidaje, zai ga kwanonin eriya manya da ƙanana. Manyan suna kamo saƙon tauraron ɗan'adam a zangon C, watau wajen gigahaz 4, ƙananan kuwa a zangon Ku, wajen gigahaz 12. Kowanne da nasa aibi. Babban kwano ga nauyi ga cin wuri. Ƙaramin kuma da zarar ruwan Agusta ya kece sai hoto ya ɗauke, domin ɗigon ruwa yana shanye gajeriyar igiya fiye da doguwa. Maganin wannan shi ne eriya ɗaya mai kamo zangunan biyu.

Wadda masana suka fi mai da hankali a kanta ita ce eriya mai allo, wadda Berry da Malech da Kennedy suka fara bayyanawa a Amurka a shekarar 1963. Amfanin lanƙwasar kwano shi ne ta tattara igiyoyin da suka faɗo cikinsa a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Allo kuwa a shimfiɗe yake, amma akan buga masa ɗaruruwan 'yan faci na jan ƙarfe, kowanne yana jinkirta igiya gwargwadon girmansa kafin ya mayar da ita. Wannan jinkiri shi ya maye gurbin lanƙwasa.

Sa'an nan ga batun fuska. Galibi igiya tana kaɗawa ne a tsaye ko a kwance, kuma tauraro yakan aiko tashoshi dabam-dabam ta kowace fuska domin ya ninka abin da zango ɗaya ke ɗauka. Saboda haka akan yanka faci yadda tsawonsa zai kula da igiyar tsaye, faɗinsa kuma da ta kwance.

Haɗa zango biyu shi ya fi wuya. Tsawon igiyar C santimita 7.5 ne, na Ku 2.5, don haka faci ɗaya ba ya wadatar da su. Sai dai a yi allon hawa biyu, ko a cusa ƙananan faci tsakanin manya. To, idan aka taɓa ɗaya sai jinkirin maƙwabcinsa ya sauya, dole a yi ta maimaita lissafi da kwamfuta. Bugu da ƙari, faɗin zangon da allo ke kamawa bai kai na kwano ba.

Duk da haka ya nuna ƙwazonsa. A shekarar 2018, ƙananan kumbuna biyu na MarCO sun aiko labarin saukar InSight a duniyar Mas ta allo mai naɗewa. Tauraron Nijeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, an ƙera shi da zangunan C da Ku da Ka da L.

Abin da ya rage ga ɗaliban injiniyan lantarki na Samaru shi ne su auna ƙarfin ruwan daminar Zazzau, su tsara allon da ya dace da shi. Allah ya ba da sa'a, amin.