Daga Takarda Zuwa Riga: Yadda Ake Shirya Zane Domin Bugu



Maganata ta yau ta shafi waɗanda Allah ya hore wa baiwar zane a cikinmu, suke kuma neman yadda wannan baiwa za ta rage musu nauyin kuɗin makaranta. A da, mai son ganin zanensa a jikin riguna sai ya tara jari ya buga masu yawa, sa'an nan ya shiga cigiyar masu saye. Yanzu kuwa akwai kamfanonin da ba sa buga kome sai mai saye ya biya, kamar Redbubble da aka kafa a birnin Melbon na Ostareliya a 2006, da kuma tsarin da Amazon ya buɗe a 2015. Naka dai ka aika zane ta intanet, su buga a riga ko kofi ko jaka, su kai wa mai saye, su ware maka rabonka.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Injin bugu ba ya gyara kome. Abin da ka ba shi, shi zai zuba a kan yadi. Saboda haka kyan riga tun daga sikana ake gane shi, wato na'urar nan da ke ɗaukar hoton takarda ta shigar da shi kwamfuta.

Abu na farko shi ne yawan ɗigo. Kowane hoto a kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne. Hoton farko da Russell Kirsch ya ɗauka da irin wannan na'ura a Amurka a 1957, ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance. Yau masu bugu kan nemi ɗigo 300 a kowane inci, gwargwadon girman da za a buga. Ku lura da wannan sharaɗi na girma. In faɗin zanenka santimita 15 ne, kana kuma so ya fito da faɗin santimita 30 a ƙirjin riga, wajibi ne ka ɗauke shi a kan 600, domin ninka girma yana raba yawan ɗigon biyu. Wanda ya ɗauka da ƙaranci, ya zo daga baya yana ja wa hoto girma, dishi-dishi kawai zai samu.

Na biyu, tsabta. A goge gilashin na'ura, a kaɗe ɓurɓushin fensir, a bari tawada ta bushe sarai, gama ƙurar da ido bai gani ba takan fito ɓaro-ɓaro bayan an faɗaɗa hoto. In takarda ta fi gilashin girma, sai a ɗauke ta kashi-kashi, kowane kashi ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, sa'an nan a haɗa su a manhaja irin su GIMP, wadda kyauta ce.

Na uku, launi. Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada yake haɗawa, galibi kala huɗu: shuɗi mai haske, ruwan hoda mai ƙarfi, rawaya da baƙi. Tawada ba ta iya kamo ƙyallin haske, shi ya sa koren da ke walƙiya a wayarka yakan fito a dushe a jikin auduga.

Na huɗu, farin takarda. In ka zana dagin Arewa ko aska takwas ka aika ba ka cire farin da ke bayansa ba, to a baƙar riga zai fito cikin farin murabba'i kamar an liƙa faci. Sai a cire shi, a ajiye zanen a tsarin PNG, wanda ke iya barin baya wayam. Tsarin JPEG ba ya iya haka, kuma duk lokacin da aka sake ajiye hoto da shi sai ingancinsa ya ragu.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, kada ka sayar da abin da idonka bai gani ba. Ka sayi guda ɗaya tukuna, ka duba, ka wanke, ka sake dubawa. Kuma zanen da ba hannunka ya yi ba, ba naka ba ne. Kamfanonin nan kan sauke zanen sata, har su rufe wa mai shi kanti. Suna shi ne jarin mai zane, in ya zube kuwa ba ya kwasuwa.

Allah ya yi wa hannuwanmu albarka, amin.