Keken Gora: Jawabi ga Taron Ƴan Ƙungiya

 

Da na ce ana yin keke da icce, Baba mai gari ya yi dariya, ya ce wasan yara ne na karan dawa. To, keken farko da Karl Drais ya ƙera a Jamus cikin 1817 na icce ne. Yau kuma a Kumashi, inda yaranmu ke zuwa bida, Bernice Dapaah ta kafa wurin ƙera keken gora. Ana busar da gorar, a sa mata maganin gara, a yanka ta daidai tsawon mai hawa. Mahaɗa kuwa a naɗe su da zare da aka jiƙa cikin danƙo mai ƙarfi. Ƙafafu da sarƙa da birki na ƙarfe ne.

Ga roƙona. Duk ɗanmu da ya sauka Kumashi, kada ya tsaya ga dako kaɗai. Ya je ya koyi wannan sana'a, ya komo da ita Tasawa da Mayahi. Ƴan lakwal ɗinmu da ƙafa suke tafiya mai nisa, wasu har su bari. Amma a sa taya mai faɗi, don rairayin jigawarmu.

Kashedi ɗaya: gora za a sayo daga kudu. Kada kowa ya sa gatari ga gawon da muka raina cikin gonaki.

Allah ya ba mu damina mai albarka.